Kumasi Garin Jami'a: Ina Tarihin Zango Ya Shiga?

Ranar wata Alhamis, kafin mu tafi hutun da ya wuce, ina koya wa 'yan aji biyu na ƙaramar sakandare labarin kafuwar daular Asante. Mun kai kan Sarki Osei Tutu da mashawarcinsa Okomfo Anokye da kujerar zinariya ke nan, sai wata yarinya da ke zaune can baya ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, to mu fa? Lokacin da ake duk wannan, mu muna ina?" Aji ya fashe da dariya. Wani yaro ya ce ai mu baƙi ne, daga Nijeriya muka zo. Yarinyar ta juya ta ce masa kakarta a Yalwa aka haife ta, a Yalwa ta yi aure, kuma har yau ba ta taɓa ganin ko iyakar Nijeriya ba.

Na ba su amsa a gurguje don ƙararrawa ta kusa, amma ni kaina amsar ba ta gamsar da ni ba. Shekarata goma sha takwas ina riƙe da alli, kuma a kwalejin horon malamai an koya mana tarihin Asante da na Fante da na zuwan Turawa dalla-dalla, amma ban tuna ranar da aka ware ko awa guda a kan zango ba. Wannan ne ya sa na ɗauki hutun nan na bi unguwanninmu da ƙafa, na zauna da dattawa, na kuma karanta abin da hannuna ya kai gare shi. Ga abin da na samo, 'yan'uwa masu karatu, ko Allah zai sa wani ya ɗora daga inda na tsaya.

Musulmi a fadar Asante

Abu na farko da ya kamata yaranmu su sani shi ne, akwai Musulmi a Kumasi tun kafin Bature ya mallaki ko taku ɗaya a cikinta. A shekarar 1817 wani Baturen Ingila mai suna Bowdich ya zo Kumasi a zamanin Sarki Osei Bonsu, bayansa kuma wani mai suna Dupuis ya zo a 1820. Dukansu biyu sun rubuta cewa sun tarar da jama'ar Musulmi zaune kusa da fada, suna da shugabansu, wani malami da ake kira Muhammadu al-Gamba, wanda mutane suka fi sani da Baba. Waɗannan malamai su ne ke rubuta wa sarki wasiƙu da Larabci zuwa ƙasashen arewa, su ne kuma ke yin layun da ake ɗinkawa a jikin rigar yaƙi.

Gaskiya ɗaya ce, kuma ba za mu ƙara mata gishiri ba: yawancin waɗannan malamai na farko mutanen Gwanja ne da Dagomba da Mamprusi da Wangarawa, Hausawa 'yan kaɗan ne a cikinsu. Zuriyar waɗanda suka saje da 'yan ƙasa su ne ake kira Asante Nkramo, kuma suna nan har gobe da limaminsu da matsayinsu a fada. Wani abin mamaki shi ne, wasu daga cikin takardun da aka rubuta a wancan zamani suna nan ba su ɓace ba. A yaƙin Katamanso na 1826, kusa da Dodowa, inda aka ci rundunar Asante, an tsinci ƙunshin takardun Larabci a sansaninsu, aka tafi da su ƙasar Denmak. Yau suna ɗakin karatu na masarautar ƙasar a birnin Kofanhegan, an adana su kusan shekara 200. Ku riƙe wannan magana, za mu dawo kanta.

Hanyar Gwanja

Abin da ya jawo Bahaushe wannan nahiya shi ne goro. Itacen goro a kurmin Asante yake, masu cinsa kuwa suna Kano da Katsina da Sakkwato da Barno. Saboda haka fatake suka riƙa haɗa ayari, da madugu a kan gaba da jagaba mai nuna hanya, da jakuna ɗaruruwa, su ɗauko kanwa da baƙaƙen tufafin rini da jan fata da sauran haja. Sukan ƙetare kogin Kwara, su ratsa ƙasar Bargu ta Nikki da Jugu, su faɗo Sansanne Mango da Yendi, har su sauke kaya a Salaga. Tafiyar wata da watanni ce, ga 'yan fashi, ga kuɗin fito da kowane sarki ke karɓa. Duk inda ayari ya yada kaya ya kwana, nan ne zango. Kalmar da muke kiran unguwanninmu da ita ke nan, kuma daga bakinmu sauran ƙabilun Gana suka ɗauke ta.

Sarakunan Asante, waɗanda kakanninmu ke kiran mutanensu Tonawa, ba su cika barin fatake su shigo kurmi ba. Su suke kai goron Salaga, a can ake ciniki, a lissafa shi ƙwarya-ƙwarya, wato ɗari-ɗari, a ɗaure huhu da ganye, a riƙa yayyafa masa ruwa ana tsince ruɓaɓɓe har a kai gida. Dalilin da ya sa a ƙasar Hausa ake cewa goron Gwanja ke nan, alhali ko itace ɗaya ba a Gwanja ya tsiro ba. Kada kuma mu ɓoye wa yara cewa Salaga babbar kasuwar bayi ce a wancan zamani, kuma akwai hannun fatakenmu a wannan mummunan ciniki kamar yadda akwai na wasu.

Abu biyu suka karya Salaga. Na farko, a 1874 sojojin Ingila ƙarƙashin Janar Wolseley suka ƙone Kumasi, sai ƙasashen arewa suka ɓalle daga hannun Asante, hanyar goro ta toshe, ciniki ya koma Kintampo da Atebubu. Na biyu, yaƙin basasa ya tashi a Salaga a 1892, baƙi suka watse. Cikin waɗanda suka bar garin har da shahararren malamin nan Alhaji Umaru, haifaffen Kano, wanda ya ƙare zamansa a Kete-Krachi ya rasu a 1934, ya bar rubuce-rubuce masu yawa da Larabci da ajami. Gidaje da yawa a zangon Kumasi, in ka bi salsalarsu, za ka tarar ta Salaga ko ta Kintampo suka biyo.

Soja da jirgin ƙasa

Akwai kuma wata ƙofa da muka shigo ta cikinta, wadda ba mu cika son ambatonta ba. Turawa sun ɗebi 'yan arewa aikin soja, suna kiran rundunar da sunan Hausawa, ko da yake a ciki akwai Moshi da Gurunsi da Zabarmawa da Yarbawa da Barebari. Hausa ce dai harshen bariki, shi ya sa sunan ya bi kowa. Da irin waɗannan sojoji aka shigo Kumasi a 1896 aka kama Sarki Prempeh na Ɗaya, wanda daga bisani aka kai shi tsibiran Seshel, bai dawo ba sai 1924. Suna kuma cikin ganuwar Turawa a 1900 lokacin da Yaa Asantewaa ta Ejisu ta jagoranci yaƙi bayan Gwamna Hodgson ya nemi a kawo masa kujerar zinariya. Ganuwar tana nan a tsakiyar gari, an mayar da ita gidan tarihin soja, kowa yana iya zuwa ya gani. Wanda ya san wannan labari zai fahimci dalilin da ya sa wasu tsofaffin 'yan ƙasa suka daɗe suna yi wa zango kallon 'yan rakiyar Bature, zai kuma ƙara ganin girman zaman lafiyar da aka gina daga baya.

Da Turawa suka haɗe Asante cikin mulkinsu a farkon 1902, sai shingen da ya hana fatake shiga kurmi ya faɗi. A 1903 jirgin ƙasa ya iso Kumasi daga Sekondi. Nan take hanyar goro ta juya: maimakon jaki ya yi wata uku yana tafiya, sai a loda huhuna a jirgi zuwa bakin teku, jirgin ruwa ya kai su Ikko. Alhassan Ɗantata, wanda daga baya ya zama babban attajirin Kano, yana cikin waɗanda suka yi wannan fatauci ta bakin teku a ƙuruciyarsa. Koko kuma ya shigo, ga ma'adinin zinariya a Obuasi, sai 'yan ƙwadago suka yi ta kwararowa daga ƙasar Moshi da arewacin ƙasar nan. Kowa ya sauka a tasha, zango yake tambaya.

Yadda unguwanni suka tashi

Tsohon Zango shi ne uwa, kusa da babbar kasuwa. A 1924 annobar da ɓeraye ke yaɗawa ta faɗa wa Kumasi, hukuma ta rushe gidaje da dama saboda cunkoso, daga nan aka gina Sabon Zango. Sannu a hankali jama'a suka bazu zuwa Yalwa da Alabar da Aboabo da Asawase da Akwatia Layin da Sawaba da Moshi Zango, har zuwa Tafo da Ayigya. In ka lura da sunayen kaɗai za ka ga tarihi a ciki. Yalwa da Sawaba fatan alheri ne da Hausa, Aboabo da Asawase kuwa sunayen masu ƙasa ne da muka tarar muka riƙe.

Ginshiƙin zaman zango a wancan lokaci shi ne maigida. Baƙo ya zo da shanu ko ya zo sayen goro, maigida ne zai sauke shi, ya ciyar da shi, ya nemo masa mai saye, ya tsaya masa in an ɗauki kaya bashi, shi kuma ya sami la'adarsa. Babu banki, babu lauya, amana ce kawai da sanin asali. Manyan gidajen nan masu ɗakuna ashirin ko talatin da muke gani a Tsohon Zango don wannan aka gina su. Kowace ƙabila kuma ta naɗa sarkinta, akwai na Moshi, na Yarbawa, na Wangara, na Zabarmawa, na Dagomba, na Kotokoli, na Fulani, sa'an nan ga Sarkin Zango. A cikin sarakunan zango na zamanin Turawa ana yawan ambaton Malam Salau Katsina, wanda har kotu aka ba shi yana shari'a, kafin ƙorafin wasu ƙabilu ya sa aka karɓe ta. Da aka maido da haɗaɗɗiyar masarautar Asante a 1935 ƙarƙashin Prempeh na Biyu, sai al'amuran zango suka koma bin ta fadar Manhyia.

Saboda haka in an ce ɗan zango, ba lalle ne Bahaushe ba. Abin da ya haɗa mu shi ne salla da kasuwa da auratayya da wannan harshe. Hausarmu ta sha ruwan Gana, ta ari kalmomin Twi da na Turanci, har 'yan'uwanmu na Kano sukan yi mana dariya in mun ce "mace ya zo". Amma da wannan Hausa ce Bamoshe da Bazabarme suka yi ciniki suka haɗa zuriya. Ta kuma shiga tukunyar kowa a ƙasar nan: ga koko da ƙosai da safe, ga wake da shinkafa da kowa ke kira waakye, ga tuwon zafi, ga fura. A fagen ƙwallo ma, babban filin wasa na Kumasi sunan Baba Yara yake ɗauke da shi, gwanin Asante Kotoko wanda haɗarin mota ya nakasa a 1963, ya rasu a 1969.

Shekaru biyu masu ɗaci

Duk dattijon da na zauna da shi, in hira ta yi nisa sai ta zo kan 1957 da 1969. A shekarun neman mulkin kai, manyan zangon Kumasi da yawa sun bi jam'iyyar Musulmi ta MAP, wadda ta haɗa kai da NLM ta Asantawa suna adawa da CPP ta Kwame Nkrumah. 'Yan watanni bayan samun 'yanci ranar 6 ga Maris 1957, gwamnati ta ba da umarnin korar Alhaji Amadu Baba, jagoran zango, da Alhaji Usman Lardan, a kan cewa su ba 'yan ƙasa ba ne. Suka garzaya kotu suka ce a nan aka haife su. Shari'a ba ta ƙare ba majalisa ta yi doka ta musamman da sunayensu a kai, aka fitar da su zuwa Nijeriya. Zango ya rabu biyu, rigimar ta shiga har cikin sha'anin masallaci da limanci, aka yi shekaru ana jan ta.

Ta 1969 ta fi taɓa talaka. Ranar 18 ga Nuwamba gwamnatin Dokta Busia ta ba duk baƙon da ba shi da takardar izinin zama kwana 14 ya bar ƙasa. Dubun dubatar mutane suka tashi, Yarbawa da Hausawa da Zabarmawa da Moshi da mutanen Togo. Mahaifina yana ɗan shekara goma sha biyu a lokacin. Ya ce abin da ba ya mantawa shi ne manyan motoci cike da tabarmi da tukwane da yara, da yadda ake sayar da gida a kuɗin da bai kai na rufinsa ba. Kakana ya ce shi ba inda za shi, a nan aka yanke masa cibiya. Ƙanensa kuwa tsoro ya kama shi, ya kwashi iyalinsa ya tafi Kano, garin da bai taɓa gani ba. Uwa ɗaya uba ɗaya, ɗaki ɗaya aka haife su, amma yau jikokin ɗaya 'yan Gana ne, na ɗayan 'yan Nijeriya, sai dai gaisuwa ta waya ranar salla.

Na kawo wannan ne don maganar ba ta mutu ba. A dokar ƙasar nan, haihuwa a Gana kaɗai ba ta isa ta mai da mutum ɗan ƙasa ba, ana duba iyaye da kakanni. Kwanan baya na raka wani tsohon ɗalibina wani ofishi neman takardar shaida. Da ma'aikacin ya ji sunansa sai ya ce, "Ina ne garinku?" Yaro ya ce Kumasi. Ya ce, "A'a, garinku na asali nake tambaya." Yaron nan bai san sunan kakan mahaifinsa ba, bai san unguwar da aka haifi kakansa ba, sai ya tsaya yana kallona. Mun yi zuwa uku kafin a gama. Da ya san salsalarsa, da takarda ko ɗaya a hannu, da zuwa ɗaya ya isa.

Jami'a a maƙwabta

Yanzu bari mu hau trotro mu nufi hanyar Ankara, babban birnin ƙasa, mu sauka a mahaɗar Tek. Wannan makaranta da ta sa ake kiran Kumasi garin jami'a an buɗe ta ne a watan Janairu 1952 da sunan Kwalejin Fasaha ta Kumasi, a filin da Sarki Prempeh na Biyu ya bayar. Abin da ke faranta mini rai a matsayina na malami shi ne, ɗalibanta na farko su 200 masu koyon aikin malanta ne da aka ɗauko daga Achimota. A 1961 ta zama cikakkiyar jami'a da sunan Kwame Nkrumah. Bayan juyin mulkin 1966 aka cire sunansa, sai a 1998 aka mayar. Kofi Annan, wanda ya shugabanci Majalisar Ɗinkin Duniya, ya fara karatunsa na gaba da sakandare a nan, haka ma marigayi Alhaji Aliu Mahama, Musulmi na farko da ya zama mataimakin shugaban ƙasa a 2001. Otumfuo Osei Tutu na Biyu ne uban jami'ar.

Tsallaken titi kaɗan ga Ayigya da zangonta. Tun ana aza harsashin ɗakunan kwanan ɗalibai mutanenmu suke shiga wannan harabar, amma da wace riga? Lebura, mai gadi, mai yankan ciyawa, mai tsire a bakin ƙofa. Iyayenmu sun guji boko don mafi yawan makarantu na mishan ne, suna tsoron kada yaro ya tafi da sunan Musa ya dawo da wani suna. Tsoron yana da dalili a lokacinsa, amma mun biya kuɗinsa da tsada. Abin ya fara sauyawa da makarantun da suka haɗa Larabci da Turanci, musamman bayan da aka kafa sashen ilimin Musulunci a ƙarƙashin hukumar ilimi ta ƙasa a 1987. Yau alhamdu lillahi akwai 'ya'yan zango, maza da mata, da suka fito daga Tek injiniyoyi da likitoci da masu haɗa magani da masu zanen gini.

Sai dai ga inda gizo ke saƙa. Jami'ar tana da sashen tarihi, kuma kowace shekara ɗalibai suna rubuta kundin kammala karatu. Mu da muke kusa da ita kamar hanci da baki, nawa ne daga cikin 'ya'yanmu suka zaɓi su rubuta tarihin unguwarsu? Littafin da aka fi sani a kan zangon Kumasi wata Ba'amurkiya ce, Enid Schildkrout, ta zo ta zauna da mu ta rubuta shi, ya fito a 1978 da Turanci, kuma ban haɗu da mutum biyar a zango da suka karanta shi ba. Takardun Larabci da ajami da aka tattara a shekarun 1960 suna Cibiyar Nazarin Afirka ta jami'ar Legon. Ɗanmu Mohammed Naseehu Ali ya fitar da littafin gajerun labarai a kan rayuwar zango a 2005, ya yi suna a waje. Wannan duk abin godiya ne, amma bai kai cikin cokali ba in aka gwada da abin da ke kwance a gidajenmu.

Adakar wani malami

A Aboabo wani magidanci ya shigar da ni ɗakin mahaifinsa, wanda ya rasu shekara shida da suka wuce, ya jawo wata tsohuwar adaka ta ƙarfe daga ƙarƙashin gado. Ya ce tun rasuwar Malam ba wanda ya buɗe ta. Da muka ɗaga murfi sai wari ya buge mu. Ruwan ambaliya ya taɓa shiga ɗakin, takardun ƙasa sun manne sun zama dunƙule guda, gara kuma ta ci gefen na sama. A cikin abin da ya tsira mun ga wasiƙu da ajami tsakanin kakansa da wani abokin cinikinsa na Ikko, da littafin bashi inda aka rubuta sunan kowa da yawan ƙwaryar goron da ya ɗauka, da takardar fili mai hatimin zamanin Turawa, da wata doguwar takarda mai jerin malaman da aka karɓi karatun tafsiri daga hannunsu.

Maigidan ya ce, "Malam, wallahi da ba ka zo ba, niyyata in an tashi gyaran ɗakin nan in sa yara su ƙone su, don kada sunan Allah ya faɗi ƙasa." Niyyarsa mai kyau ce, amma gabana ya faɗi. Na tuna da takardun nan na Kofanhegan. Waɗanda aka ƙwace a fagen yaƙi suna nan lafiya bayan shekara kusan 200, waɗanda muka gada a cikin aminci kuwa ba su kai ɗari ba suna ruɓewa a ƙarƙashin gado. Adaka nawa ce irin wannan a Yalwa da Alabar da Tafo? Kuma masu iya karanta ajamin kasuwanci na da, da irin lissafinsa, ƙarewa suke yi ɗaya bayan ɗaya.

Kada wani ya ce wannan aikin masu ƙoshi ne. Rikicin filin maƙabarta da ya tashi a Tafo a 2016, har aka sa dokar hana fita kafin manya su shiga tsakani, ya isa ya nuna mana cewa maganar wa ya ba wa fili, yaushe, kuma daga ina zuwa ina, ba a barinta a baki kawai. Wanda ya shaida ya mutu, wanda ya ji daga gare shi ya manta rabi.

Abin da za mu iya yi

Ba sai mun jira gwamnati ko asusun raya zango da aka kafa a 2017 ba. Kowane gida akwai waya mai ɗaukar murya da hoto. Yaro ya zauna da kakarsa bayan sallar isha'i ya tambaye ta sunan iyayenta da na kakanninta, garin da suka fito, unguwar da suka fara sauka, sana'ar da suka yi, wa ya tafi a 1969 wa ya zauna. Ya rubuta a littafi da kwanan wata, a ajiye kwafi a hannun mutum biyu. Kada a manta da mata, don su suka fi riƙe zumunta da labarin aure da haihuwa, kuma su ne ba a cika tambaya ba.

Takardun da ke cikin adaka a fito da su a shanya a inuwa, kada a sa su a rana, kada a manna musu gam ko salatif. A ɗauki hoton kowane shafi gaba da baya, sa'an nan a naɗe su a ajiye a wuri mai tsawo inda ruwa ba ya kaiwa. Kada a ba kowa na asali ya tafi da shi komai girman rigarsa, hoto ya ishe shi. Sarakunanmu da limamanmu kuma ina roƙonsu da girmamawa su sa a rubuta jerin waɗanda suka gabace su da tarihin kowane masallacin Juma'a, tun da sauran waɗanda suka gani da ido. An gyara babban masallacin Kumasi an buɗe shi a 2023, ya yi kyau ƙwarai. Ɗaki ɗaya a gefensa da kabad biyu ya isa a fara ma'ajiyar tarihin zango.

Ga 'ya'yanmu da ke Tek da sauran manyan makarantu, ku ne kuka san hanyar ma'ajiyar takardun gwamnati da ta fadar Manhyia, inda ƙarar da kakanninku suka kai da takardun filayensu suke kwance. Ku kuma kuke jin Hausa da Twi da Turanci, wasunku har da Larabci. Baturen da zai zo daga nesa sai ya nemi tafinta, ku kuwa gidanku ne. 'Yan'uwana malamai, mu ma aiki yana kanmu. Ni dai na riga na ba 'yan ajina aikin gida, kowa ya kawo tarihin gidansu shafi biyu. Cikin yara 46, guda 31 sun kawo, kuma yarinyar nan da ta yi tambaya shafi bakwai ta rubuto daga bakin kakarta. A ciki ta gano cewa kakan kakarta ta Kintampo ya biyo da jakuna, kuma kabarinsa yana nan Kumasi.

Hausawa na cewa baƙo raɓa ne. Mutanen da suka haƙa rijiya, suka gina masallaci, suka binne iyaye da kakanni har hawa huɗu a gari ɗaya sun wuce a kira su raɓa, amma sai sun iya faɗin labarinsu da hujja kafin wani ya yarda. Muna godiya ga masu ƙasa da suka karɓi kakanninmu, muna kuma fatan 'ya'yanmu su san yadda aka yi aka zauna, da daɗinsa da ɗacinsa. Duk wanda ke da tsohuwar takarda ko hoto ko labari, ya sanar da ofishin wannan mujalla, ni mai zuwa ne da ƙafata in gani in sha Allahu. Allah ya jiƙan magabatanmu, ya ƙara wa Asanteman da Gana baki ɗaya zaman lafiya, amin.